Mece ce ma'anar kalmar “discretion”, kuma me ya sa fassara ɗaya ba ta isar ta?

Tambaya: Malam, kwanan nan na samu aiki a wani kamfani. A takardar ɗaukar aikin an rubuta cewa alawus na ƙarshen shekara “is at the discretion of management”. A makon farko kuma shugabar sashenmu ta miƙo mini wani fayil ta ce “I rely on your discretion”. Da dare na kunna talabijin, kafin a fara wani shiri na ga an rubuta “viewer discretion is advised”. Ƙamus ɗin wayata ya ce kalmar tana nufin hankali ko sanin ya kamata. To ina ruwan alawus ɗina da hankalin hukumar kamfani? Don Allah a warware mini.

Amsa: Ɗan'uwa, ƙamus ɗinka bai yi maka ƙarya ba. Saiwar bishiyar ya nuna maka, kai kuwa a kan rassa ka ci karo da kalmar. Na daɗe ina koyar da Turanci, ina kuma juya takardun ofis da na kotu zuwa Hausa, kuma wannan na cikin kalmomin da suke sa ni ajiye biro in yi tagumi. Jimlolin nan uku da ka kawo, kowacce da Hausarta daban, kuma duk wanda ya yi musu kuɗin goro da kalma ɗaya zai ɓata biyu daga ciki.

Mu fara daga tushe, domin a nan tushen yana da amfani ƙwarai. Kalmar ta samo asali ne daga Latin, daga aikatau “discernere”. Ɓangaren farko, “dis”, yana nuna rabewa, na biyun kuma, “cernere”, asalin ma'anarsa rairaya ko tankaɗe. Daga wannan tushe ne ma Latin ya samu sunan rariya. Saboda haka hoton da ke kwance a ƙarƙashin kalmar shi ne na mace zaune a tsakar gida da rariya a hannu, gari na sauka ƙasa, tsaki na tsayawa sama. Mu ma haka muke cewa wane ya san bambancin aya da tsakuwa. Da farko “discretio” a Latin rabewa kawai take nufi. Daga baya malaman Kirista masu zaman zuhudu suka ɗauke ta suka mai da ita sunan wata baiwa, wato iya rarrabe abin da ya dace da wanda bai dace ba. Benedict, wanda ya tsara ƙa'idojin zaman gidajen ibada a Italiya a ƙarni na 6, ya kira ta uwar kyawawan halaye, a inda yake gargaɗin shugaba kada ya ɗora wa mabiyansa abin da ya fi ƙarfinsu, ya kawo misalin makiyayin da ya ce idan ya matsa wa garkensa da tafiya duk za su mutu rana ɗaya. Ta hanyar Faransanci kalmar ta shiga Turanci, wajajen ƙarni na 14.

Ma'anar da ta fi kusa da wannan tushe ita ce wadda ƙamus ya ba ka: lura, auna al'amari, sanin ya kamata. Idan maigida zai yi tafiya ya ce wa yaron shagonsa “use your discretion”, cewa yake yi ban bar maka doka a kan kowane abu ba, in abu ya taso ka duba ka yi abin da ya dace. Rubutun da ka gani a talabijin ma daga nan yake. Gidan talabijin yana sanar da kai ne cewa akwai abin da zai iya tayar da hankali, jini ko batsa ko zagi, don haka ka auna da kanka ko za ka kalla, ko kuma yara su tashi. Da ni ne zan fassara shi, “a yi hattara, shirin bai dace da kowa ba” zan rubuta. Ko kusa ba zan sa kalmar hankali a ciki ba.

A nan ne kuma ake samun “age of discretion”, shekarun da ake ɗauka yaro ya fara bambance daidai da kuskure. A tsohuwar dokar Ingila shekara 14 ce. A cocin Katolika kuwa Fafaroma Pius na 10 ya fitar da doka a 1910 wadda ta sa shi wajen shekara 7. Wanda ya yi karatun fiƙihu ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin tamyizi ke nan, yaron kuma mumayyizi. Abin sha'awa, tushen kalmar Larabcin shi ma rabewa yake nufi. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, kowanne ya kalli wayon yaro ya ga aikin rarrabewa ne.

Akwai karin maganar Turanci da za ka riƙa ji: “discretion is the better part of valour”. Asalinta daga bakin Falstaff ne, wani ƙaton mashayi mai cika baki a wasan kwaikwayon Shakespeare na Sarki Henry na 4, kashi na farko, wanda aka buga a 1598. Ana tsakiyar yaƙi, da ya ga abokin karawarsa ya fi ƙarfinsa, sai ya zube ƙasa ya yi likimo kamar gawa. Da ƙura ta lafa ya miƙe yana yabon kansa, wai mafi kyawun ɓangaren jarumta shi ne taka-tsantsan, kuma da wannan ɓangaren ne ya tsira da ransa. Ka ga ashe uzurin matsoraci ne, marubucin yana yi masa dariya. Yau kuwa Turawa suna faɗarta da gaske, ko da ɗan murmushi, idan mutum ya janye daga rigimar da ba zai ci ba. Na sha jin ana fassara ta da “ja da baya ga rago ba tsoro ba ne”. Ta yi kusa, amma ragon namu ja da baya yake don ya dawo da karo, Falstaff kuwa ba shi da niyyar dawowa.

Abin da shugabar sashenku ta ce maka wani reshe ne daban, kuma ana yawan jin sa a maganar yau da kullum. “I rely on your discretion” nufinta abin da ke cikin fayil ɗin nan ya tsaya tsakaninmu. Kame baki ke nan, riƙon sirri, rufin asiri. Yadda aka zo nan daga rariya ba shi da wuyar gani: mai rarrabe abin da ya dace shi ne ya san maganar da ake faɗa da wadda ake haɗiyewa, ya san gaban wa ake faɗa, ya san lokaci. Shi ya sa za ka ga tallar neman sakatare ko direban babban mutum ko ma'aikacin asibiti ana cewa ana son mai “discretion”. Ba jarrabawar basira za a yi masa ba. Ana son wanda zai ji ya yi kamar bai ji ba, wanda abin da ya gani a gidan maigida ba zai kai shi majalisar masu shayi ba. In an ce wane “the soul of discretion” ne, to cikinsa rijiya ce.

Sai dai ka lura, ba daidai take da zurfin ciki ba. Zurfin ciki a wurinmu yakan zama aibi, mutum yana cutuwa ya ƙi faɗa wa kowa. Ita kuwa wannan yabo ce kusan kullum. Ta fi kusa da kawaici da kara, musamman idan ana maganar aiki ba magana ba: wanda ya ga baƙo ya zubar da miya a riga ya miƙa masa tsumma ba tare da ya ja hankalin jama'a ba, Bature zai ce ya yi abin “discreetly”. Mu sai mu ce cikin sirri, ko cikin hikima, ko a kaikaice, gwargwadon wurin.

Yanzu ga alawus ɗinka, kuma nan ne nake so ka tattara hankalinka, domin nan ne kuɗi da 'yanci suke shiga. “At the discretion of” tana nufin an bar wa wani ikon yanke shawara. Doka ko yarjejeniya ba ta ɗaure shi ta ce dole ka yi kaza ba, ta buɗe masa fili ya zaɓa. Don haka jimlar takardarka tana cewa alawus ɗin ba haƙƙinka ba ne kamar albashi. Hukumar kamfani ce za ta duba ta ga ko za ta bayar, da nawa za ta bayar. Idan ka ga an ƙara “sole” ko “absolute” a gabanta, to an ƙara faɗaɗa filin ne, an ba su wuƙa da nama.

Yawancin masu fassara a nan sai su rubuta “ganin dama”. Na yi wannan kuskuren ni ma a farkon aikina, na fassara wata takarda na ce alƙali yana da ganin damar bayar da beli, wani dattijon lauya ya karanta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Malam, alƙali ba ya ganin dama.” Na ji haushi a ranar, amma gaskiyarsa. Ganin dama a Hausa ba ya neman dalili. Na ga dama na zo, ban ga dama ba na zauna, babu mai tambayata. Ikon da ake kira “discretion” kuwa an bayar da shi ne bisa zaton cewa wanda aka ba yana da waccan ma'anar ta farko, wato zai rairaye al'amarin ya auna. Amana ce aka damƙa wa hankalinsa. Ma'ana ta uku a kan ta farko take zaune, in ka zare ta farkon sai ta ukun ta koma son zuciya.

Wannan ba ra'ayina ba ne kawai, tsohuwar magana ce a shari'ar Ingila, wadda kotunan Nijeriya suka gada. Tun a 1598, shekarar da aka buga wasan Falstaff, aka yi wata shari'a da ake kira ta Rooke, kan jami'an da ke kula da magudanun ruwa da shingayen bakin kogi, waɗanda doka ta ba su ikon aiki bisa “discretion” ɗinsu, suka ɗora wa mutum ɗaya kuɗin gyaran da maƙwabtansa ma za su amfana da shi. Edward Coke, wanda ya rubuta rahoton shari'ar, ya bayyana kalmar a matsayin sanin da ake rarrabe ƙarya da gaskiya da shi, da zalunci da adalci, da inuwa da ainihin abu, ya ce ba izini ba ne na bin son rai. Ka ji rariyar nan ta sake dawowa.

Shari'ar da ɗaliban lauya suka fi sani a kan wannan ita ce ta Wednesbury, wani gari kusa da Birmingham. Wata doka ta 1932 ta ba ƙananan hukumomi ikon barin gidajen sinima su buɗe ranar Lahadi bisa sharuɗɗan da hukumar ta ga sun dace. Hukumar garin ta ba wani gidan sinima izini, amma ta ce kada a shigar da yaro ɗan ƙasa da shekara 15, ko da babba ko babu. Masu sinimar suka kai ƙara. A ƙarshen 1947 kotun ɗaukaka ƙara, ta bakin Lord Greene, ta ce hukumar ba ta wuce gona da iri ba, masu sinima suka faɗi. Amma a cikin hukuncin ne ya shata iyakar da ake bi har yau: wanda aka ba irin wannan iko dole ya duba abubuwan da suka shafi batun, ya kau da kai daga waɗanda ba su shafe shi ba, kuma kotu za ta iya rushe shawararsa idan ta kai rashin kan gadon da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke irinta. Misalin da ya kawo shi ne na malamar makaranta da aka kora don kawai gashinta ja ne. Wato kotu ba za ta karɓe rariyar daga hannunka ta yi maka tankaɗen ba, amma za ta duba ko tankaɗen ka yi ko kuwa zubarwa.

A Nijeriya za ka ji alƙalai suna maimaita cewa dole a yi amfani da wannan iko “judicially and judiciously”, wato bisa ƙa'idar shari'a kuma cikin hikima. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta bar sharuɗɗan beli a hannun kotu, amma a jimla ɗaya ta ce a duba yanayin ƙarar kuma kada sharuɗɗan su yi tsanani fiye da kima. Sashe na 174 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babban Lauyan Tarayya ikon shigar da ƙarar laifi, ko karɓe wadda wani ya shigar, ko janye ta kafin a yanke hukunci, sashe na 211 kuma ya ba takwarorinsa na jihohi irin wannan. Iko ne mai faɗin gaske, amma nan take sashen ya ce ya yi la'akari da maslahar jama'a, da adalci, da hana wasa da tsarin shari'a. Kusan duk inda ka ga an buɗe irin wannan ƙofa, in ka ƙara karatu kaɗan za ka ga an sa mata dogari. Wata alama da za ta taimake ka wajen karanta doka: inda aka ce jami'i “shall” yi abu, an ɗaure shi. Inda aka ce “may”, galibi an bar masa zaɓi.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Masu rubutu kan shari'ar Musulunci da Turanci suna kiran ta'aziri “discretionary punishment”, domin shi ne horon da ba a ƙayyade ba kamar haddi, aka bar wa alƙali ya duba laifin da mai laifin da yanayin. Ba wanda ya yi karatu zai ce ta'aziri ganin damar alƙali ne. Shi ya sa yanzu idan na gamu da kalmar a takardar shari'a nakan rubuta “doka ta bar wa alƙali ya duba ya yanke abin da ya ga ya dace”, ko “yana cikin huruminsa”. Ta fi tsawo, amma ba ta yi wa alƙalin ƙazafi ba.

Daga wannan reshe ne sifar “discretionary” ta fito, wadda za ka gani a harkar kuɗi. “Discretionary income” shi ne abin da ya rage a hannunka bayan haraji da abinci da haya da sauran larura, wanda kai ne za ka zaɓi inda za ka kai shi. A gidajen abinci da yawa na Landan za ka ga an ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a kan takardar kuɗi an kira shi “discretionary service charge”, ma'ana kana da damar cewa a cire, ko da yake kunya takan hana yawancin mutane. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci su yi hattara da wani tarko a nan: “à discrétion” a takardar abincin Faransa tana nufin ci iya cinka, burodi ko abin sha ba iyaka. Turanci ba ya amfani da ita haka a yau.

Sai 'yan kurakuran da nake gyara wa ɗalibai kullum. Na farko furuci. Mutanenmu da yawa suna cewa “diskirishan”, suna jan wasalin tsakiya saboda sun saba da “discreet”. Gajeren “e” ne, kamar a ce “diskireshan”, da nauyi a kan “re”. Na biyu rubutu: “discreet” da “discrete” furucinsu ɗaya, uwarsu ɗaya a Latin, amma aikinsu ya rabu. Ta farko ita ce mai kame baki da kawaici. Ta biyu ta riƙe tsohuwar ma'anar rabewa, abubuwan da kowanne ke zaman kansa ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ɗaliban kwamfuta ke karanta “discrete mathematics”. Dabarar tunawa ita ce a cikin “discrete” harafin “t” ya shiga tsakani ya raba “e” biyun. Na taɓa ganin tallar wani asibiti da ke alkawarin “discrete service”, suna nufin za a rufa wa majiyyaci asiri, suka ɓige da cewa hidimarsu a rarrabe take.

Kishiyarta, “indiscretion”, tana da nata halin. Ita “discretion” a maganar yau da kullum ba a ƙirga ta, ba a yi mata jam'i, lauyoyi ne kawai sukan ce “a discretion”. Amma “an indiscretion” da “indiscretions” daidai ne, kuma ma'anarsu suɓutar baki ko abin kunyar da mutum ya aikata. Idan jaridar Ingila ta ce ɗan siyasa ya amsa “a past indiscretion”, sau da yawa sakaya zance ne, neman mata ake nufi. “Youthful indiscretions” kuwa su ne abin da muke kira ƙuruciya, ko wautar samartaka.

Tana da maƙwabta da ake rikita ta da su. “Prudence” ma daga Latin take, daga kalmar hangen gaba, don haka ta fi karkata ga hangen nesa da tattali, irin na wanda ya ajiye hatsi tun kaka. “Discernment” 'yar ɗaki ɗaya ce da tamu, amma ta tsaya a kan gani da ganewa, basirar da ke bambance zuma da maɗi, ba ta ɗauke da ma'anar sirri ko ta iko. “Tact” kuwa iya lafazi ce, yadda za ka faɗa wa mutum magana mai ɗaci ba tare da ka kunyata shi ba. Mai “tact” ya iya faɗa, mai “discretion” ya san ko ma za a faɗa.

Hanya mafi sauƙi ta gane reshen da kake kai ita ce ka dubi ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita. In ka ga “at” a gaba da “of” a baya, ko “exercise”, ko “leave it to”, maganar iko ake yi. In ka ga “with”, ko “rely on”, ko “absolute discretion assured” a tallar wani mai sana'a, maganar sirri ce. In kuwa “use your” ce ko “advised”, to cewa ake ka auna da kanka.

Game da takardarka, shawarata ita ce kada ka sa alawus ɗin nan cikin lissafin kuɗin haya ko na makarantar yara, tunda ba a yi maka alkawarinsa ba. Amma ba laifi ba ne, bayan ka ɗan zauna ka san mutane, ka tambayi ofishin kula da ma'aikata abin da ake dubawa kafin a bayar: ribar shekara ce, ko ƙwazon ma'aikaci, ko daɗewa a aiki. Kamfanin da ya san abin da yake yi yana da amsa. Fayil ɗin shugabarku kuma, ka sa shi a durowa ka kulle, ko abokin da kuke cin abincin rana tare kada ya san launin bangonsa.